Waken da ke jure ƙwari: barbarar iri ko dashen ƙwayar halitta

Hanyoyi biyu ake bi wajen samar da waken da ke jure ƙwari. Hanya ta farko ita ce barbarar iri, inda masana ke haɗa wake mai juriya da wake mai yawan yabanya, su riƙa zaɓen 'ya'yan shekara bayan shekara. Ta yi amfani wajen darɓa da ƙwaron da ke huda wake a rumbu, sai dai ta gaza a gaban tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso, domin binciken dubban nau'o'in wake da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta adana a Ibadan bai gano isasshiyar juriya ba, kuma dangin wake na daji da ke da ita ba ya karɓar barbara.

Hanya ta biyu ita ce dasa wa wake ƙwayar halitta, wato ƙwayar gado, daga wata bakteriya mai kashe tsutsa da ake kira Bt, kamar irin SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019. Tsutsar tana mutuwa idan ta ci shukar, feshin magani kuma yana raguwa sosai. A ganina wannan ta fi dacewa da Maruca, amma ba ta taɓa ƙwarin da ke tsotse kwanso, saboda haka feshi bai ƙare ba.