Kwalin kayan wasan zamanin da: na saya, ga abin da na gani

Masu ta tambayata a kan kwalin kayan wasan nan na zamanin da da wata baiwar Allah take talla a sitatus, wanda hotonsa yake ta yawo a guruf-guruf na tsofaffin ɗalibai, to na saya, ya iso, mun buɗe, kuma ban yi asarar kuɗina ba amma fa akwai magana. Ba zan faɗi sunanta ko na shagon ba tunda ba biyana aka yi in yi talla ba kuma akwai abin da zan kushe, wanda ya san ta ya san ta. N18,000 ne kwalin, kuɗin mota daban, daga Kano take bayarwa a tasha direba ya kira ka in ya shigo gari. Ni a Zariya nake don haka ba a sha wahala ba. Kafin ka tura kuɗi tana amsa saƙo nan take, bayan alat ya shiga kuma sai ka ɗan yi haƙuri, halin masu sana'ar onlayin ɗinmu ne dai duk kun sani, amma ba ta saɓa ranar da ta ce ba. A hoto kwali ne mai kyau da zane a jiki, wanda ya zo min kuwa kwalin taliyar yara ne an naɗe shi da salatif, ciki an cusa tsohuwar jarida. Ban damu ba, ba kwali zan yi wasa da shi ba.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne gem ɗin nan na hannu, Brick Game, wanda aka rubuta 9999 in 1 a goshinsa. Wanda ya taso a shekarun 1990 ba sai an yi masa bayani ba, dogo ne kamar rimot, allo ɗan ƙarami a sama, maɓallai huɗu na hagu da dama da sama da ƙasa, sai babban maɓalli guda na juya bulo. Batir 2 yake ci irin na agogon bango, kuma ba ta haɗo da batir ba, sai da na aiki yaro kanti. Ina kunnawa ƙarar nan ta tit-tit-tit ta tashi wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, sak irin ta da, ba su canza komai ba. Bulo na saukowa kana jera su, ka bar rami siriri a gefe kana jiran doguwar sandar nan ta zo ka share layi 4 a lokaci guda, ita kuma ta ƙi zuwa sai masu lanƙwasa suke ta zubowa har allo ya cika. Asalin wasan bulon nan Tetris ne, wani ɗan Rasha Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984 tun ana Tarayyar Sobiyet, kamfanin Nintendo na Japan ya saka shi a Game Boy a 1989, sai 'yan Chana suka kwaikwaya suka yi mai arha wanda shi ne ya iso hannun irinmu. Game Boy kam sai dai mu gani a hannun yaran GRA.

Maganar 9999 kuwa ƙarya ce tun muna yara muka gano ta muka yafe. Wasannin gaske ba su da yawa, akwai na bulo, akwai tseren mota da kake kauce wa masu zuwa, akwai na tankar yaƙi, akwai maciji mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo, akwai na harbi, sauran lambobin duk maimaici ne, ko a ƙara gudu ko a kifa allon ya koma sama ƙasa. Na yanzu ma haka yake. Inda ya bambanta da na da shi ne nauyi, wannan ba shi da nauyi ko kaɗan, robar siririya ce in ka matsa tsakiyarsa sai ka ji yana ƙara, kuma maɓallin hagu yana ɗan maƙalewa in ka danna da ƙarfi. Allon ba fitila dama can haka yake, sai ka karkata shi wajen haske, da daddare sai kusa da ƙwai ko tocila. Murfin batir ɗin ma sako-sako ne, na sa masa kyauro na ɗaure kamar yadda muke yi a da, don in batir ya motsa shike nan makin da ka tara ya tafi. Mu lokacinmu batir ne babbar matsala, in ya yi sanyi a shanya shi a rana, ko a ɗan ciccije shi da haƙori a mayar, ko a lallaɓa a zare na rediyon Baba a saka masa matattu a wurin, sai lokacin labaran BBC na yamma asiri ya tonu. Kuma gem ɗaya ne a layi gaba ɗaya, mai shi sarki ne, ana binsa ana in ka mutu ka ba ni, shi kuma ba ya mutuwa.

Yarana dai sun karɓa sun juya shi, babban ya tambaya ina kala, ya yi tseren mota kaɗan ya ajiye ya koma wayar mamansa. Maman tasu ce ta ɗauke gem ɗin, yanzu haka yana ƙarƙashin filonta kuma wai ita ba ta son a taɓa mata maki.

Abu na biyu da na ji daɗinsa kyamarar Makka ce. 'Yar ƙaramar kyamarar roba da ba ta ɗaukar hoto, ka kanga ido a ɗan ramin ka fuskanci haske kana danna maɓalli ƙyas ƙyas hoto yana canzawa, ga Ka'aba ana ɗawafi, ga koren ƙubba a Madina, ga tantunan Mina, ga dutsen Arfa cike da fararen kaya. Ita wannan ba a kanti muka san ta ba, tsarabar alhazai ce, in jirgi ya sauka an je an taro Alhaji ko Hajiya unguwa ta cika, manya a ba su dabino da zamzam da carbi da kwalli, yara kuma a miƙo musu wannan, sai a yi layi kowa ya leƙa sau ɗaya a ƙwace. Da yawanmu a cikin ramin nan muka fara ganin Ka'aba da kala don talabijin ɗin gidan baƙi da fari ce in ma akwai ta. Wadda ke cikin kwalin tana aiki, hotunan sun ɗan yi duhu kuma ɗaya a karkace aka manna shi, amma tsofaffin hotuna ne na kafin a gina dogayen benayen nan da hasumiyar agogo a gefen Harami, wannan kam ya burge ni. Na kai wa Hajiyarmu ta leƙa ta daɗe ba ta sauke ba tana nuna min inda ta ce nan suka zauna shekarar da ta sauke farali, ko nan ɗin ne ko ba nan ba Allah masani.

Akwai katin Whot, sabo a leda, cikakke 54, ba abin cewa, dama har gobe ana sayar da shi a ko'ina ba sai a kwalin tuna baya ba. Mu a gidanmu ma haramtacce ne, Baba in ya ga kati ko na Whot ne caca ce a wurinsa, sai dai a bayan makaranta ake fik tu da janar maket. Sai tarkacen cika kwali, usur da tabaran roba da agogon roba mai hannun da aka zana wanda ba ya motsi, irin na yawon Sallah. Waɗannan ko a bakin asibiti ka samu a faranti.

Wanda ya ɓata min rai shi ne gem ɗin ruwa, wanda kake danna maɓalli biyu ruwa yana tura ƙananan zobba kana ƙoƙarin rataye su a tsinke. Rabin ruwan ya tsiyaye a hanya ya jiƙa jaridar, zobban suna kwance a ƙasa ko ka danna ba sa tashi. Na ɗauki hoto na tura mata, ta ba da haƙuri da kyau ta ce laifin masu lodi ne a tasha za ta sako wani in an sake samun mai zuwa Zariya, to har yanzu dai ba a samu mai zuwa Zariya ba, daga Kano fa, hanyar da mota ba ta yankewa dare da rana.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta duk wannan. A can ƙasan kwalin, a naɗe cikin leda baƙa, akwai motar gwangwani, wadda ko a hoton tallar babu ita, wai gyara ce. Jama'a wannan motar ta fi duk abin da ke cikin kwalin. Ƙirar a-kori-kura ce, an yanka gwangwanin Milo an buɗe shi an daddake ya miƙe, koren yana waje har kana iya karanta rabin rubutun a ƙofar direba, kuma ƙofar tana buɗewa don an yi mata hinji da 'yar waya. Tayoyin daga tsohon silifas aka yanko su zagaye tas, an zura sifok ɗin keke a tsakiya, a ƙarƙashi an lanƙwasa langa-langa ya zama sifirin, in ka danna bayanta sai ta yi ƙasa ta dawo. Duk bakin gwangwanin an naɗe shi ciki an danne, na bi da yatsa ko'ina ban samu inda zai yanki yaro ba. Ga doguwar waya ta fito daga gaba ta ƙare da zagayen sitiyari daidai cibiyar yaro, in ya murza tayoyin gaba suna juyawa da gaske. A bayan bodin an rubuta Sai Haƙuri da jan fenti, harafin ƙarshe ya ɗan zubo.

Mu ma mun yi irinta amma tamu ba ta kai nan ba. Yini ake a bola ana tsintar gwangwanin madara da na tumatir da na kifi, a samo ƙusa da dutse a matsayin guduma, hannu duk yanka, kuma wanda bai sha duka a kan yanke silifas ɗin da ba a gama sawa ba to bai yi motar kirki ba. In kaka ta yi an girbe dawa sai a koma motar kara, a ɓare bayan karan a yi ta soka shi a cikin totuwar har a tada mota da tabarau da jirgin sama, ita ba ta kwana biyu amma kyauta ce. Kowa Fijo yake so ya kwaikwaya don lokacin 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce motar, sai masu ƙarfin hali su yi tirela mai taya goma su ɗora mata lodin yashi suna ƙugi da baki suna canza giya. A kowace unguwa akwai yaro ɗaya gwani wanda ake kai wa gyara a biya shi da rake ko alawa, yawanci ba ya ja a aji amma hannunsa ba a magana.

Wannan motar ita yarana suke faɗa a kanta, su da suka ajiye gem. Ƙaramin tun safe yake tuƙa ta a tsakar gida ya fita da ita layi, yaran maƙwabta na binsa a baya, har an fara zuwa ana tambayata a ina ake sayarwa. Na tambayi mai kayan wa yake yi, ta ce wani dattijo ne cikin masu ƙirar gwangwani, irin masu yin mazurari da fitilar aci-balbal, in ya samu sarari yake yin motar. Na ce Hajiya ai kin juya abin, wannan ita ya kamata ki sa a gaban hoto ki yi mata kuɗinta daban, robobin Chana su zama gyara, kuma dattijon nan a biya shi da daraja don aikin yini guda ne a jikinta ko fiye. Ta yi dariya ta ce Yallaɓai ai mutane gem suke tambaya, kuma Baban ba ya yi da yawa idonsa ya fara rauni. Ni dai da za a ce in zaɓa tsakanin motar da sauran kwalin gaba ɗaya, motar zan ɗauka.

Uwargida kuma tana da nata ƙorafin kuma ta yi gaskiya, kwalin duk kayan maza ne. Ta ce ina 'yar tsana? Ba irin ta kanti mai gashin Turawa mai lumshe ido ba, tasu ta ƙashi ko ta kara wadda ake yi wa kitso da baƙin zare, a je wajen tela a roƙo ƙyallaye a ɗinka mata zani da kallabi, a tara gwangwanaye da marafan kwalba a matsayin kayan ɗaki, har biki ake mata da kai amarya da gara, a yi tuwon ƙasa da miyar ganye a rarraba. Ta ce 'yar carafke da 'yar gala-gala ba sa buƙatar a saya, duwatsu ne da zane a ƙasa, amma 'yar tsana ai da an samu wata tsohuwa ta haɗa kamar yadda aka samu mai mota. Na tura wa mai kayan wannan ma, ta ce za ta duba.

In za ku saya ku tanadi batir, ku ce ta kunna gem ɗin ta yi muku bidiyo kafin ta rufe kwali, gem ɗin ruwa kuma ta ɗaure shi a leda shi kaɗai ko ta musanya muku da wani abu. Sannan ku yi mata maganar motar tun kafin ku tura kuɗi, don wani abokina da ya saya bayana nasa kwalin babu ita, da ya tambaya aka ce ta ƙare.