Kayan 'yar tsana: a ɗinka da hannu ko a hau keke?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwarmu ta kawo tambaya shekaranjiya. 'Yarta mai shekara 9 ta ishe ta da son ɗinka wa 'yar tsanarta kaya, ita kanta uwar abin ya fara shiga ranta, shi ne take so ta sani: ta sayi ƙaramin keke ne, ko su tsaya a kan allura da zare? Na ga wasu sun ce mata keke kawai, wai ɗinkin hannu wahalar banza ce. Ni kuwa na daɗe ina yin duka biyun, don haka bari in jera miki su, 'yar'uwa, ki gani da idonki.

Kafin komai, ɗauko tef ki auna tsawon 'yar tsanar, domin rabin amsar yana nan. Waɗanda suka fi yawa a hannun yara iri biyu ne. Akwai siririyar nan mai siffar budurwa, irin Barbie wadda kamfanin Mattel ya fara fitarwa a Amurka a 1959, tsawonta inci 11 da rabi, wato kusan santimita 29. Yawancin na kasuwa da ake sayarwa da araha a kan wannan awon aka yi su. Akwai kuma ƙatuwar mai jikin yarinya, mai inci 18, kusan santimita 46, irin American Girl da ta fito a 1986 da masu kama da ita. Ɗinkin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne ko kusa. Ta farkon kashi ɗaya ce cikin shida na jikin mutum, kuma duk rigimar daga nan take tasowa.

Ki lissafa da kanki. Turmin atamfa yadi 6 ne, to turmin wannan 'yar tsanar yadi ɗaya ne a tsawo, faɗinsa bai wuce inci 8 ba. Zanin da kike ɗaurawa na yadi 2, nata inci 12 ne. Botin da kike ganin ƙarami ne, mai faɗin santimita ɗaya, a jikinta daidai yake da a maƙala miki mai santimita 6, kamar murfin kwalbar man shafawa a ƙirji. Kaurin yadi ma haka: abin da yake da laushi a jikinki, a jikinta kamar an naɗe ta da tabarma ne.

To ga yadda hannu da keke suke da wannan ƙanƙantar.

Ɗinkin hannu yana shiga duk inda yatsa ya shiga, har inda bai shiga ba. Hannun rigar siririyar 'yar tsana da ƙyar fensir ke wucewa ta ciki, kuma zagayen hammatar bai fi a zura ɗan yatsa ba. Da allura siririya kina juya ƙyallen a kan yatsanki, ki ɗan tattara nan ki saki can, ki ga kowane saƙo kafin ki ja zaren. In kin yi kuskure, warware uku ko huɗu ne kawai. Abin da za a bari a gefen ɗinki kwatan inci ne, milimita 6, wani wurin ma ƙasa da haka, kuma hannu ba ya jin tsoron wannan. Sai dai ki koyi ɗinki mai ƙarfi, wanda allura ke komawa baya ta shiga ramin da ta baro kafin ta ci gaba. Shi ne yake riƙewa kamar na keke. Wanda ake yi sama da ƙasa a guje ki bar shi don tattara da riƙon wucin gadi, domin yaro na jan rigar sau biyu zai buɗe.

Keke kuwa an yi shi ne don yadi mai faɗi. Ramin da allurar ke sauka ya yi wa ɗan ƙyalle girma, haƙoran da ke jan yadi kuma sau da yawa ɓangare ɗaya kawai suke kamawa. Ranar da na fara gwadawa ba zan manta ba. Na yanka gaban riga da bayanta daga wani guntun boyal fari, kowane bai kai tafin hannu ba, na sa a ƙarƙashin ƙafar keken na taka. Kafin in ƙifta ido allura ta tura bakin ƙyallen cikin ramin, zaren ƙasa ya cukurkuɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu, sai da na kwance farantin da sukurdireba na ciro abin a yage. Ba laifin keken ba ne, ni ce ban san dabarar ba. Dabarar kuwa ita ce ki shimfiɗa takarda marar kauri a ƙarƙashin yadin ki ɗinke su tare, daga baya ki yage takardar. Ki riƙe jelar zaren biyu da hannu lokacin farawa. Ki sa allura siririya, mai lamba 9 ko 11, ki ajiye mai lamba 14 da ake ɗinkin manya da ita. Ki rage tsawon ɗinkin zuwa milimita 2 ko ƙasa kaɗan. Wadda ta fi duka amfani ita ce kada ki yanka ƙananan gutsattsarin tukuna: ki zana su a kan ƙyalle mai ɗan faɗi, ki bi zanen da keke, sannan ki sa almakashi. In kin kiyaye waɗannan keke zai yi, amma kin ga ba aikin mai koyo ba ne, balle yarinya 'yar shekara 9.

Ta wajen sauri ba gardama, keke ya yi gaba. Kalmasar ƙasan siket mai tattara, ko zagaye mayafi, abin da zai ci miki rabin awa da hannu keke zai gama kafin ruwan shayi ya tafasa. Amma ki tuna duka-duka ɗinkin da ke cikin rigar siririyar 'yar tsana bai taka kara ya karya ba. Lokacin da keke ya rage miki, a wajen sa zare da gyaran takarda da juye-juye yake karɓe shi. Ni riga da siket yamma ɗaya suke ɗaukata da hannu, ina zaune a tsakar gida ana hira, ko an ɗauke wuta ba ruwana.

Inda labarin yake juyewa shi ne a kan mai inci 18. Ita kusan kayan jariri ake mata. Hannun rigarta yana da faɗin da keke zai bi, za ki iya sa roba a ƙugu, ki sa zif ƙarami, har aljihu. Doguwar riga ko abaya a wannan girman da hannu za ta gajiyar da ke, kuma layin ba zai miƙe kamar na keke ba. Nan kam keke ne, hannu sai wajen ƙarasawa.

Akwai wata hanya da ta shafi duka biyun, wadda telolin manya ba su saba da ita ba. Kayan 'yar tsana a shimfiɗe ake ɗinka su. Ki fara kalmashe bakin hannu tun yana buɗe, ki haɗa kafaɗa, ki dasa hannun a jikin riga, sai a ƙarshe ki rufe daga bakin hannu zuwa hammata zuwa ƙasa da ɗinki ɗaya. In kika fara rufe gefe kamar yadda ake yi wa ta mutum, kin kulle kanki a waje. Wuya kuma kada ki ce za ki kalmashe shi, zai yi tudu ya karkace. Ki yanka gaban da bayan bibbiyu, ɗaya na atamfa ɗaya na yadi marar nauyi, ki haɗa su fuska da fuska, ki zagaye wuyan, ki ɗan tsattsaga gefen da bakin almakashi, ki juye, ki danne da dutsen guga. Kuma kowace riga a tsaga ta ta baya har ƙasa da ƙugu, domin kan 'yar tsana ya fi wuyan rigarta girma nesa, kafaɗarta kuma ba ta lanƙwasawa irin tamu.

Rufe bayan nan ma wani wurin ne da hannu ya fi. Botin mai ɗanawa, ƙaramin cikinsu, da hannu kawai ake dasa shi. Velcro, wato maƙalen nan mai ɓangare biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, ya fi wa yara sauƙin buɗewa, amma yana kama gashin 'yar tsana kamar ƙarangiya. Ba mamaki, tunda injiniyan Suwizalan da ya ƙirƙiro shi, George de Mestral, daga irin ƙayar da ke maƙale wa karensa ya samo dabarar. In za ki yi amfani da shi ki tsaga shi siriri, ki sa ɓangaren mai kaushi ya juya wa gashin baya.

Maganar yadi ta fi maganar keke muhimmanci a wurina, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. Atamfa tana da daɗin ɗinki da hannu da keke, ba ta zamewa, tana karɓar guga. Matsalarta zane. Furen da ya kai santimita 12 a jikin zaninki, a jikin siririyar 'yar tsana kamar mai santimita 72 ne, rigar gaba ɗaya sai ta ƙare a cikin ganye ɗaya. Ki nemi mai ƙananan zane, ko ki zaɓi wurin da za ki yanka yadda furen zai zauna a tsakiyar siket. Ki wanke ta tukuna sitatin ya fita ta yi laushi. Shadda kyakkyawa ce amma tana tsayawa ƙiƙam, sai dai in babbar riga za ki yi wa namijin 'yar tsana, nan tsayuwar tata ta yi daidai. Leshi mai manyan ramuka ki manta da shi a keke, allura za ta riƙa faɗawa a fili. Bakinsa mai ado dai yana yin kyau a ƙasan zani in aka dasa da hannu. Yadin hijabi mai talewa shi ne abokin mai koyo: ba ya zubar da zare, ko ba a kalmashe shi ba yana zama, amma a keke yana son tsallake ɗinki. Tsohuwar safa ma riga ce, a yanke ta a huda wajen hannu.

Ki kula da yadi mai zuba. Na taɓa barin wata 'yar tsana cikin doguwar riga baƙa wata biyu a cikin akwati, da na cire sai ga kafaɗunta da cinyoyinta sun yi shuɗi-shuɗi, robar ta shanye rinin, har yau bai fita ba. Baƙi, ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa su ki ga ruwan ya fito fes, ko ki sa musu farin yadi ta ciki.

Ba sai kin je Kantin Kwari kin yanko yadi ba. Telan unguwa yana share buhun ƙyallaye, balle gab da sallah. Mu ma da can wurinsu muke zuwa roƙon ƙyalle, lokacin da 'yar tsanar ta kara ce, ba hannu ba kafaɗa, a naɗa mata zani a ɗaura mata kallabi, a tara ƙawaye a yi bikin 'yar tsana har da kai amarya. Ba mu taɓa buƙatar allura ba sai da ta roba ta zo da hannuwanta.

In kina neman abin da zai ƙara wa 'yarki ƙaimi, nuna mata aikin Haneefah Adam, 'yar Nijeriya daga Ilori, wadda ta yi suna a duniya a 2016 da shafinta na Instagram mai suna Hijarbie, inda take ɗinka wa Barbie dogayen riguna da abaya da mayafi. Sai a 2017 Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi ta Amurka. A Legas kuma Taofick Okoya ya fito da Queens of Africa tun 2007, 'yan tsana baƙaƙe masu kayan gida, har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Sai dai kada ki kwafi awon wata ki yanka. Tun 2016 Barbie kanta ta zo da jiki iri-iri, akwai doguwa, akwai gajera, akwai mai ƙiba, na kasuwa kuma kowace da nata ƙugun. Ki naɗe taki da leda, ki bi ta da salatif na takarda, ki zana wuya da hammata da gefe a kai, ki yanke ki shimfiɗa, kin sami awonta na kanta.

Ƙaramin keken nan na batir da ake riƙewa a hannu kamar abin maƙala takardu, wanda nake jin shi kike nufi, ban ba ki shawarar sayensa ba. Zare ɗaya yake amfani da shi, ba na ƙasa, ɗinkin sarƙa yake yi, in aka ja bakin zaren sai ya zare gaba ɗaya kamar bakin buhun shinkafa. Kuɗinsa ya ishe ki sayen allurai sirara, zare kala biyar, almakashi mai tsinin baki da botin mai ɗanawa, har ki sami canji.

Saboda haka in 'yar tsanar siririyar ce, ku fara da hannu ke da 'yarki. Ta fara da zani da ɗankwali da mayafi, duk layi ne miƙaƙƙe, sai siket mai tattara, sai buba marar dasasshen hannu, wadda ake naɗe ƙyalle biyu a huda wuya a rufe gefe. In mai inci 18 ce, ko kuma kin ga abin yana neman zama sana'a ana cewa a yi wa wance ma, to ki tara ki sayi keke na gaske, irin baƙin nan na ƙafa, wanda zai yi miki kayan 'yar tsana ya kuma yi na yara. In akwai ƙanen 'yarki da bai kai shekara 3 ba a gidan, ki bar duwatsun ado da ƙananan botin tukuna, baki suke kaiwa. Idan kuma yatsun 'yar tsanar suna maƙalewa a hannun riga lokacin sawa, ki zura mata 'yar guntuwar leda a hannun, rigar za ta sulale ta shige.