Ƙwayar Yasmin: mata na yabon ta a Jidda da Makka, amma ba ta kowa ba ce

A saidaliyyoyin Jidda da Makka, Yasmin ta kamfanin Bayer na cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa da matanmu suka fi tambaya, wai don "ba ta sa ƙiba". Kati ɗaya ƙwaya 21 ne. Ana sha kullum a lokaci guda, a huta kwana 7. Kowace ƙwaya tana da drospirenone miligiram 3 da ethinylestradiol, wato istirojin, miligiram 0.03.

Yabon yana da tushe, sai dai an zuzuta shi. Drospirenone yana hana jiki tara ruwa da gishiri, shi ya sa kumburin ƙafa da na ciki ke raguwa. Kitse kuwa ba ta taɓa shi. Babban amfaninta ta fuskar gina jiki shi ne rage jinin al'ada: macen da ke zubar da jini sosai har jiri na ɗibar ta za ta riƙe sinadarin ƙarfen da take asara duk wata.

Inda gizo ke saƙar shi ne fotasiyam, sinadarin da ke da yawa a dabino da ayaba. Ƙwayar tana sa ƙoda ta riƙe shi. Mai lafiyayyar ƙoda ta ci dabinonta da ayaba hankali kwance. Amma mai ciwon ƙoda ko hanta kada ta kusance ta, wadda kuma ke shan ibuprofen kullum ko wasu magungunan hawan jini sai likita ya auna mata fotasiyam a watan farko, don in ya hau, bugun zuciya yake rikitawa. Wannan ne ya sa al'adar miƙa wa ƙawa ko maƙwabciya kati take da haɗari ƙwarai.

Sai gudan jini a jijiya. Alƙaluman hukumar magunguna ta Turai sun nuna yana samun mata 9 zuwa 12 cikin 10,000 a shekara ga masu shan irin wannan, 5 zuwa 7 ga masu shan ƙwayar da ke da levonorgestrel a maimakon drospirenone, kusan 2 ga waɗanda ba sa shan kowace. Mai busa sigari ko shisha da ta haura shekara 35, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, su nemi wata hanya. A zafin Makka, ko a jirgin Jidda zuwa Kano, a yawaita shan ruwa, a riƙa motsa ƙafa.

Bitamin B6 da B12 kan ɗan ragu a jinin masu shan ƙwaya mai haɗin sinadari biyu irin Yasmin. Ƙwai, hanta, kifi da wake sukan cike giɓin. Mai niyyar dainawa don ɗaukar ciki ta fara shan bitamin folik asid maikrogiram 400 kullum tun wata guda kafin nan. Mai jego ta tambayi likita ƙwayar Cerazette, wadda babu istirojin a cikinta, don istirojin na iya rage nono.

Da azumi a mayar da lokacin sha bayan buɗe-baki. In aka yi amai cikin awa 3 zuwa 4 da haɗiya, a sha wata daga katin ajiya.