Rebase ko Squash: wanne ya fi wajen gyara saƙonnin komit?

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka ya turo maka reshe (layin aikinsa na daban a Git, manhajar ajiye tarihin sauye-sauyen lambobin kwamfuta) ka duba, aikin lafiya lau, amma saƙonnin komit ɗin (komit shi ne kowane sauyi da aka ajiye a Git tare da bayaninsa) daga "gyara" sai "sake gyara" sai "yanzu kam ya yi". Shin ka sa shi ya yi git rebase -i, ko ka danna Squash and merge a GitHub a wuce wurin?

Squash ya fi sauƙi, babu ja. Tun 2016 GitHub ta kawo maɓallin. Yana dunƙule komit ɗin duka su zama ɗaya, kai mai haɗawa ka rubuta saƙo mai ma'ana, shi ke nan. In aikin manufarsa ɗaya ce, kamar gyaran kuskure guda, shi nake zaɓa. Illarsa sai daga baya take fitowa. A ce reshen ya ƙunshi sauya tsarin rumbun bayanai, da sabon shafin biyan kuɗi, da canza sunayen fayiloli. Ranar da git bisect, mai binciko komit ɗin da ya kawo matsala, ya nuna wannan dunƙulen a matsayin mai laifi, neman layin da ya ɓata ya zama allura cikin ruwa. In ka ce git revert za ka yi don warware komit ɗin, har mai kyaun zai tafi.

Rebase kuwa yana barin kowane mataki da saƙonsa: reword ya gyara rubutun, fixup ya haɗiye ƙananan gyare-gyaren. Sai dai Git na haɗawa da saƙon wajen lissafa lambar komit, don haka ko harafi ɗaya aka taɓa, lambarsa da ta duk na bayansa za su canza. Dole abokin naka ya sake turawa da --force-with-lease, wanda ke ƙin danne aikin da wani ya tura, ba --force tsurarsa ba, kuma in wani ya riga ya ɗora aiki a kan reshen, kada ma a fara.

Wurin da masu dubawa ke sakaci shi ne bayan ya sake turowa. Kada ka ɗauka saƙo kaɗai ya taɓa. Ajiye lambar tsohon komit na ƙarshe, ka yi git diff, mai nuna bambanci, tsakaninsa da sabon. In tushen, wato komit ɗin da reshen ya taso daga kansa, bai motsa ba, bai kamata ka ga komai ba. In ya motsa, git range-diff, wanda ya zo a Git 2.19 a 2018, zai jera maka tsoho da sabo ɗaya bayan ɗaya.

Kowanne ka bi, layin farko kada ya wuce haruffa 50 da yawa, a bar layi ɗaya fanko, sannan a faɗi dalilin sauyin. Abin da aka sauya, diff zai nuna shi da kansa.