Man hammata na tsirrai: wanne za ka ɗauka, wanne za ka bari a kan kanta?

Kafin mutum ya miƙa hannu ya ɗauki man hammata daga kan kanta, akwai tambayar da ya kamata ya fara amsa wa kansa: wari ne yake damunsa, ko jiƙewar riga? Mutane da yawa sun sayi irin wanda ake haɗawa da kayan tsirrai da ma'adinai, suka shafa kwana biyu, suka ga hammatar rigarsu ta jiƙe sharkaf, sai suka ce ba ya aiki, suka jefar. Alhali tun farko ba a yi shi don ya tsayar da gumi ba.

Kayan hammata iri biyu ne, ko da yake a mazubi iri ɗaya ake sayar da su. Akwai mai tsayar da gumi, wanda yake ɗauke da gishirin alminiyam. Shi idan ya haɗu da danshi sai ya daskare a bakin ƙofofin gumi, ya toshe su na ɗan lokaci. Akwai kuma diyodoran, mai kashe wari kawai, wanda babu ruwansa da gumi. A Amurka har doka ta raba su: hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, tana ɗaukar mai tsayar da gumi a matsayin magani, kuma sai ya rage gumi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya cancanci sunan, shi kuwa diyodoran a cikin kayan kwalliya aka sa shi. Kusan duk abin da aka rubuta wa "natural" a jikinsa yana cikin rukuni na biyu. Wanda ya koma amfani da shi zai yi gumi, kuma gara ya san haka tun kafin ya biya kuɗinsa.

Shi gumi a karan kansa kusan ba shi da wari. Wanda yake tsattsafowa a goshi da baya kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri. Na hammata daban yake, domin akwai wasu ƙofofi a wurin da ba sa fara aiki sai lokacin balaga, kuma abin da suke fitarwa yana da maiƙo da furotin. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan fata su ne suke cin wannan abin, su fitar da warin. A 2020 masu bincike a Jami'ar York da ke Ingila sun gano takamaiman sinadarin da wata ƙwaya mai suna Staphylococcus hominis take amfani da shi wajen samar da wannan wari mai kama da na albasa. Saboda haka duk man da zai yi maka aiki, ɗayan uku yake yi: ko ya takura wa ƙwayoyin, ko ya kama warin bayan ya fito, ko ya rufe shi da ƙamshi. Na ukun shi ne mafi rauni, shi ne kuma ya fi yawa a kasuwa.

Sai maganar tsoro, tunda ita ce take koro mafi yawan mutane zuwa wannan layi. An daɗe ana yaɗa cewa alminiyam yana kawo sankarar mama ko cutar mantuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya kwatanta mata 813 masu sankarar mama da wasu 793 da ba su da ita, bai ga wata alaƙa ba. Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta ce babu hujjar da ta tabbatar da zargin, kuma a 2020 kwamitin masana na Tarayyar Turai ya ce babu hatsari idan alminiyam bai wuce kashi 6.25 cikin 100 a na shafawa ba, ko 10.6 a na fesawa. Waɗanda aka ja wa kunne su ne masu ciwon ƙoda, shi ya sa a Amurka ake rubuta a jikin mazubin cewa su tuntuɓi likita tukuna. Ina jin takaici idan na ga mace ta haƙura da kunyar jiƙaƙƙiyar riga a wurin aiki saboda wani saƙo da aka tura mata a waya. Akwai dalilai masu kyau na canzawa: ƙaiƙayi, rawayan tabon da alminiyam kan bari a farar riga idan ya gauraya da gumi, ko dai mutum ba ya son jin hammatarsa a toshe. Waɗannan sun isa, ba sai an haɗa da fargaba ba.

To, idan an yanke shawarar gwadawa, a juya mazubin a karanta bayansa. Rubutun gaba na talla ne, kuma babu dokar da ta ƙayyade abin da ya isa a kira na tsirrai. A jerin kayan haɗi kuwa, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, don haka sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da kake saye.

Bekin soda shi ne ya fi yawa a irin waɗannan mayuka, kuma gaskiya wajen kashe wari da wuya a sami wanda ya kama ƙafarsa. A jeri za ka gan shi da sunan sodium bicarbonate. Matsalarsa ita ce ba ya jituwa da fata. Fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, shi kuwa bekin soda ya haura 8, wato kishiyar tsami ne. Shafa shi kullum a wuri mai laushi da ke gogar juna yana cinye kariyar fatar a hankali. Abin ba ya zuwa nan take, kuma a nan yake yaudarar mutane. Makon farko lafiya lau, har mutum ya fara ba abokai labari. Can sai a ji ɗan zafi-zafi idan ruwan wanka ya taɓa wurin. Sai ƙaiƙayi. A ɗaga hannu a gaban madubi a ga wurin ya yi sheƙi, gefensa ya bushe yana ɓarewa, daidai inda aka saba goga man. Ga mai duhun fata, ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi baƙi, kuma baƙin yakan ɗauki watanni bai washe ba ko bayan an daina shafawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Akwai waɗanda fatarsu take jurewa shekara da shekaru ba abin da ya same su, su kam sun dace. Amma idan bekin soda ne na biyu ko na uku a jeri, kuma kai mai yawan aske hammata ne, ko kana da saurin ƙuraje, ni dai ba zan ce ka fara da shi ba.

Wanda nake ganin ya fi dacewa a fara da shi shi ne mai magnesium hydroxide. Aikinsa ɗaya da bekin soda, wato ya sa wurin ya yi wa ƙwayoyin wuyar zama, sai dai ba ya saurin narkewa a ruwa, don haka a hankali yake aiki kuma bai cika cin fata ba. Ƙarfinsa bai kai na bekin soda ba, a ranar zafi ko ranar zirga-zirga wataƙila sai an ƙara shafawa da yamma. Idan ka samu wanda aka haɗa masa da zinc ricinoleate, to ka yi dace. Shi wannan daga man zurma ake samo shi, ba ya kashe komai, kama warin yake yi ya riƙe kafin ya iso hanci.

Akwai kuma sabon yayi, masu tsami, waɗanda suke ɗauke da mandelic acid ko lactic acid. Su ta ɗaya gefen suke bi: suna ƙara wa wurin tsami har ƙwayoyin su kasa yaɗuwa. Yawanci ruwa-ruwa ne a rol-on, ba sa barin maiƙo ko fari a riga, kuma tunda suna cire matacciyar fata, sukan taimaka wa masu fama da gashin da ke komawa ciki. Aibinsu shi ne raɗaɗi idan an shafa bayan aski. A bari sai washegari. Kuma don Allah kada wani ya ce zai yi nasa da ruwan lemun tsami, tsaminsa ya wuce abin da hammata za ta ɗauka, yana ƙona fata ya bar tabo.

Alif kuwa, dutsen nan mai ƙyalli da ake jiƙawa a goga, yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa. Yana da kyau ta fuskoki da dama: ba ƙamshi, ba maiƙo, ba tabo, kuma dunƙule ɗaya yakan yi watanni. Amma alif gishirin alminiyam ne, cikakken sunansa potassium aluminium sulfate. Wanda ya bar mai tsayar da gumi don gudun alminiyam ya koma alif, an gudu ba a tsira ba. Wanda kuwa ba wannan ne damuwarsa ba, zai iya jin daɗinsa, muddin warin jikinsa ba mai ƙarfi ba ne. Sharaɗinsa a goga shi a fata mai tsabta nan da nan bayan wanka, a bi ko'ina, a ɗauraye dutsen a bar shi ya bushe. Idan wari ya riga ya fito, ba abin da zai iya.

Man kwakwa, man kaɗanya, kakin zuma da sitaci, waɗanda suka cika jerin, su ne jikin man. Sitaci yana shan ɗan danshi, sauran kuma suna sa ya shafu. Idan man kwakwa ya yi yawa, ka sa ran tabon maiƙo a riga, kuma sandar takan narke a jaka idan ana zafi.

Inda na fi son a yi hattara shi ne ƙamshi. Mutane suna ɗauka duk man ƙamshin da aka tatso daga fure ko ɓawon lemo ba ya cutarwa, alhali ƙamshi yana sahun gaba a abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi a hammata, kuma fata ba ta tambayar daga ina aka samo shi. Limonene da linalool, waɗanda ake samu a man lemo da na furen labanda, suna cikin sinadaran ƙamshin da Tarayyar Turai ta daɗe da tilasta a rubuta sunansu saboda suna tayar wa wasu da borin fata. Wani ya shafa ya yi ƙuraje, ya ɗora wa bekin soda laifi, ashe ƙamshin ne. Shi ya sa gwajin farko ya fi kyau da marar ƙamshi. Ta haka ne ma za ka san ko man yana kashe wari da gaske, ko rufe shi kawai yake yi. Turarenka kuma ka fesa a riga.

Batun siffa ba shi da tsawo. Na sanda ya fi sauƙi, sai dai na tsirrai yakan yi tauri, don haka a ɗora shi a fata na ɗan lokaci ya yi laushi kafin a goga, kada a kankare wurin da shi. Na kirim da ake lakata da yatsa ya fi shiga ko'ina, kuma ɗan kaɗan ya isa. Na fesawa yana saurin bushewa, amma yawanci akwai alkohol a ciki, mai busasshiyar fata zai ji a jikinsa.

Za ka ji masu talla suna cewa idan ka canza, jikinka zai yi makonni yana fitar da guba, ka daure. Ba haka abin yake ba. Hanta da ƙoda ne suke tace jiki. Abin da ke faruwa shi ne toshewar da alminiyam ya yi tana warwarewa cikin 'yan kwanaki, gumi ya dawo yadda yake, ƙwayoyin da ke wurin su ma su sake zama. Wari zai iya ƙaruwa na ɗan lokaci, wannan ana iya jurewa. Abin da ba a jurewa shi ne raɗaɗi da ƙuraje. Duk wanda ya ce maka su ma alamar tsarkakewa ce, kada ka saurare shi, ka wanke ka daina.

Wani abin da ake mantawa kuma shi ne riga. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2014 ya nuna rigar foliyesta ta fi ta auduga ɗaukar wari bayan motsa jiki, domin ƙwayoyin da ke haddasa shi sun fi samun wurin zama a zarenta. Sau da yawa man ba shi da laifi, tsohon warin da ya maƙale a yadin ne yake tashi da zarar jiki ya ɗumama. Ka shinshina hammatar rigar bayan an wanke an goge, idan har yanzu da saura, ba man da zai cece ka a cikinta. A yi gwajin da rigar auduga mai tsabta, a kuma tabbatar hammata ta bushe sarai kafin a shafa.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, mai fata mai laushi zan ba shi na magnesium marar ƙamshi. Mai sa fararen kaya ko mai fama da baƙin hammata, na tsami. Mai ƙarfin wari da fata mai juriya zai iya gwada bekin soda, amma wanda yake can ƙasan jeri. Wanda gumi ne yake zubo masa har gefen ciki, ya zauna a kan mai tsayar da gumi, ya riƙa shafa shi da dare kafin barci, lokacin da wurin yake bushe, a nan ya fi kamawa. Ba kuma dole ne a zaɓi ɗaya a saki ɗaya ba: mutum zai iya amfani da na tsirrai a ranakun da yake gida, ya ajiye ɗayan don ranar taro ko doguwar tafiya.

Ko wanne ka ɗauka, sayi ƙaramin mazubi tukuna. Ka riƙa shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu sau biyu a rana har tsawon mako guda, kamar yadda likitocin fata suke ba da shawara, kafin ka kai shi hammata. Idan kuwa gumi yana jiƙa ka ko kana zaune a wuri mai sanyi, ko yana tashe ka da dare, ko warin jikinka ya canza farat ɗaya ba dalili, ko ka ji wani ƙullutu a hammata, wannan ya wuce aikin mai, sai a je a ga likita.