Evolution ko Thunderbird: inda kowacce ke ɓoye kalmar sirrin imel

Na daɗe ina karanta imel da manhajar Evolution a kan tsarin Linux na Ubuntu mai fuskar GNOME, kuma ban taɓa tambayar kaina inda take ajiye kalmar sirri ba. Abin ya fara ne lokacin da na ɗora wata fuskar, KDE Plasma, a gefen GNOME a kwamfuta ɗaya, na kuma saita ta ta riƙa shigar da ni kai tsaye idan na kunna. Daga ranar, duk buɗe Evolution sai wani ɗan akwati ya fito yana neman in buɗe ma'ajiya. Wani lokacin in na shiga ta Plasma, sai ta nemi kalmar sirrin imel ɗin kanta, kamar ba ta taɓa sanina ba.

Na kwana biyu ina zargin manhajar, ashe ba ta da laifi. Evolution ba ta riƙe kalmar sirri a jikinta. Tana miƙa ta ne ga ma'ajiyar tsarin ta wata ƙofa da ake kira Secret Service, kuma a GNOME mai tsaron ƙofar shi ne GNOME Keyring. Ma'ajiyar nan a kulle take, kuma mabuɗinta shi ne kalmar da kake rubutawa lokacin shiga kwamfuta. In ka shiga ba ka rubuta komai ba, babu abin da za a buɗe ta da shi. Haka nan in wani ya sauya maka kalmar shiga da ikon mai gudanarwa, ma'ajiyar tana nan da tsohuwar. Gyaran yana cikin Seahorse, manhajar kula da ma'ajiyar, inda za ka daidaita kalmomin biyu, amma sai kana tune da tsohuwar. In ka manta, sai dai ka goge fayil ɗin login.keyring, duk abin da ke ciki ya tafi.

Ɓangaren Plasma ya fi ba ni wuya. KDE na da tata ma'ajiyar, KWallet, wadda manhajar imel ɗinta KMail ke amfani da ita, kuma tun fitowar KDE Frameworks 5.97 a 2022 ita ma tana iya amsa kiran Secret Service. Sai dai mai tsaro ɗaya kaɗai ke iya riƙe wannan ƙofa a lokaci guda. Na ajiye kaya a hannun wani, na dawo na tarar da wani a bakin ƙofa, to ina zai san da ajiyata? Da na kashe wannan zaɓi a saitin KWallet, na kuma koma rubuta kalmar shiga, Evolution ta natsu. A GNOME zalla kuwa, har yau ban ga wadda ta kai ta daɗin aiki da kalanda ba.

Duk da haka na koma Thunderbird, don ina yawo tsakanin fuskoki uku, har da Xfce a tsohuwar kwamfutar gida. Thunderbird da kayanta take tafiya: kalmomin sirri suna cikin logins.json, mabuɗinsu yana cikin key4.db, duka a jakar bayananka. Na kwafe jakar zuwa tsohuwar kwamfutar, na buɗe, saƙonni suka fara shigowa.

Wannan sauƙin ne kuma ya tayar mini da hankali. In ni na iya kwafe fayiloli biyu na samu komai, duk wanda ya zauna gaban kwamfutata da filasha zai iya. Thunderbird tana da babbar kalmar sirri da take kira Primary Password, amma ba a kunne take zuwa ba, sai ka shiga saitin sirri da tsaro ka sa da kanka. Na so a ce tun ranar farko take tambayar mutum. Ko Gmail da ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga irin waɗannan manhajoji a ƙarshen Mayun 2022 ya koma OAuth2, wato shiga da shaidar izini maimakon kalmar sirri, shaidar izinin da yake bayarwa a logins.json ɗin take kwana.

Yanzu kullum da safe sau biyu nake rubuta kalmar sirri, ta shiga kwamfuta da ta Thunderbird. Ta biyun na rubuta ta a takarda na kulle a durowa, domin in ta ɓace, sake saita ta yana share duk kalmomin da ke ajiye.