Snapseed a Hannun Mai Ɗinkin Hula

Ɗinkin hula nake yi a Zariya, kuma manhajar gyaran hoto ta Google, wato Snapseed, ta zame min kayan aiki. Kyauta ce, kuma ba talla a cikinta.

Nakan ɗauki hoton zanen bangon ƙofar fadar Sarkin Zazzau, in mayar da shi baƙi da fari. Da launin ya kau, sai dagi da layukan magina su fito sarai, har in ga inda zare zai bi. Akwai wurin miƙe hoton da ya karkace, wannan kam ya fi komai yi min amfani, don daga ƙasa nake ɗauka.

Sabon shiga zai ɗan yi lalube tukuna. Masu ƙunshi da kafintoci, ku jarraba ta.